Ku Fitar Da Yaran Nan Daga Aji, Darasin Yana Bakin Kwata

Ya ku malamai da iyaye na zangunanmu, akwai wata asara da muke tafkawa kullum, ba mu kuma ɗauke ta asara ba. Yaro ɗan Nima ko Mamobi zai zauna a aji ya haddace yadda tsirrai da dabbobi da ruwa da ƙasa suke dogaro da juna, ya zuba haddar a takardar jarrabawar BECE, ya ci. Amma ka tsayar da shi a ƙarƙashin itacen da ke inuwantar da ƙofar makarantarsu ka tambaye shi sunansa, ko ka tambaye shi inda ruwan kwatar gidansu yake ƙarewa, sai ya yi zuru. Wannan karatun aku ne, kuma mu manya ne muka ɗora shi a kai.

Hujjar da aka fi kafawa ita ce wai zango ba daji ba ne, ba abin da yaro zai gani sai kwano da siminti. Mai wannan magana idonsa a buɗe yake, amma ba ya kallo. Babbar kwatar Nima tana zuba a kogin Odaw, Odaw kuma yana zuba a tafkin Korle kafin ya kai teku. Ranar 3 ga Yuni, 2015, ruwa ya cika Ankara, wuta ta tashi a gidan mai da ke Circle, mutum fiye da 150 suka rasa rayukansu. Toshewar magudanan ruwa da shara tana cikin musabbaban wannan ambaliya. Wane littafi ne zai koya wa yaro alaƙar ledar ruwan da ya jefar da ruwan da ya shiga ɗakin mahaifiyarsa fiye da kwatar kanta? A ba ɗalibai aiki su auna taku ashirin a bakin kwata, su ƙirga ledojin da ke ciki duk ranar Litinin har zangon karatu ya ƙare. A yanke gora, a manna mata ma'auni, a kafa ta a filin makaranta don auna ruwan sama. Ran da suka jera lissafin ruwa kusa da lissafin leda, su da kansu za su gano abin da ke faruwa a watan Yuni, ba sai an yi musu wa'azi ba. Gani ya kori ji.

Haka batun sauro. Kowane yaro ya san zazzaɓin cizon sauro a jikinsa, amma kaɗan ne suka taɓa ganin tsutsarsa. A ɗebo ruwan da ya kwanta a tsohuwar taya ko a sawun mota, a zuba a kwalba, a rufe bakinta da yankin gidan sauro. Cikin mako biyu ɗalibai za su ga tsutsa ta rikiɗe ta yi fiffike. Za su kuma lura cewa tsutsar sauron da ke kawo zazzaɓin tana kwanciya a miƙe a ƙarƙashin fuskar ruwa, alhali ta sauron kwata tana rataye ne kanta a ƙasa. Yaron da ya ga wannan da idonsa zai koma gida ya kifar da gwangwanayen da ke tsakar gida, ba tare da kowa ya aike shi ba.

Sai kuma sama. Duk magariba dubban jemagu suna tashi daga itatuwan da ke kewaye da asibitin sojoji na 37. Masu bincike da suka bi sawunsu sun gano cewa suna iya kai irin 'ya'yan itace nisan kilomita 75, wato su ne masu shuka dajin da ba wanda ya biya su. Ungulu kuwa, wadda dattawanmu suka saba gani jere a kan rufin mahauta, tun 2015 aka sa irin tata cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, saboda guba da kuma cinikin sassan jikinta. Lokacin da ungulayen Indiya suka mutu a shekarun 1990 sanadiyyar wani maganin shanu, mushe ya yi yawa, karnukan titi suka ƙaru, ciwon haukan kare ya bi baya. Ajin da zai ƙirga ungulu a mahautar unguwa, ya kuma tambayi tsofaffin mahauta yawan da suke gani a da, ya yi binciken kimiyya na gaskiya.

A nan ne abin ya shafe mu a matsayin Hausawa. Kakanninmu goro ne ya kawo su Salaga da Kumasi, goro kuwa itacen kurmi ne. Kalmar dawadawa da duk Gana ke faɗa daga bakinmu ta fito, 'ya'yan ɗorawa ake yin ta da su. Jan launin wake da shinkafa da ake layi a saya kowace safiya daga karan dafi yake. To, yara nawa ne a yau za su bambanta ɗorawa da kaɗanya, ko marke da maɗaci, ko sabara da bagaruwa? Tsohuwar da ke sayar da sassaƙe da saiwa a kasuwa ta san kowanne, ta san ƙasar da yake so da lokacin da yake fure, amma ba wanda ya taɓa gayyatarta aji. Idan ta tafi, sunayen sun tafi da ita, harshenmu kuma ya ragu da kalmomi da dama. A tura ɗalibai wurinta da littafi, su rubuta sunan Hausa da na Twi ko Ga da na kimiyya, su manna ganye kusa da kowane suna.

Za a ce babu kuɗi. Gora da kwalba da littafin rubutu nawa suke? Za a ce manhaja ta cika, jarrabawa na tafe. Ai yaron da ya reni tsutsa a kwalba ba zai manta matakan rayuwar sauro a ɗakin jarrabawa ba, wanda ya haddace ne yake mantawa. Za a ce kwata akwai cuta. Gaskiya ne, shi ya sa malami zai tsaya a kansu, su ƙirga daga baki, su wanke hannu da sabulu. Amma kada mu manta cewa a bakin wannan kwatar suke wasa kullum ba mai kula.

A 2021 aka fara ware rana guda ta dashen itatuwa a faɗin Gana, a shekarar farko an nufi miliyan 5. Makarantu suna karɓar tsiro, a ɗauki hoto, a watse. Wa ya koma bayan wata shida ya duba wanda ya rayu da wanda akuya ta cinye? A damƙa wa kowane aji itatuwa biyar, su ba su ruwa, su kewaye su, su auna tsayinsu kowane wata, su miƙa littafin ga ajin da ke biye da su.

Iyaye, ran da ɗanku ya dawo da laka a takalmi da ganye a jaka, kada ku ce malam ya ɓata masa lokaci. Ku zaunar da shi ya faɗa muku abin da ya gani. A taron iyaye da malamai na gaba kuma, wani ya miƙe ya yi tambaya ɗaya: sau nawa aka fitar da yaranmu daga aji a zangon nan? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.