Manhajar waya za ta iya maganin taɓin hankali? Mu gaya wa juna gaskiya

'Yan uwana ɗaliban Arewa da ke karatu a Legas, Ibadan, Ife, Benin, Nsukka da sauran makarantun Kudu. Rubutun yana da ɗan tsawo, amma ku daure ku karanta, don wataƙila ya shafi wanda kuke kwana ɗaki ɗaya da shi.

Yanzu ya zama yayi, da an ce wane ya shiga damuwa sai ka ji wani ya ce "ka sauke Wysa" ko "ka gwada Headspace". Ni ba na ƙin wannan. Wanda jarabawa ta hana shi barci, ko kewar gida ta dame shi, ko kuɗin makaranta suka tsaya masa a rai, manhajar da ke koya masa jan numfashi da tsara tunani za ta iya rage masa nauyi. Amma akwai cutar da ta wuce nan. Sikizofireniya, wadda mutum ke jin muryoyin da babu mai jinsu sai shi. Baifola, wadda mutum zai yi kwanaki ba barci, yana surutu yana kashe kuɗi, daga baya ya faɗi warwas. Da kuma matsananciyar damuwa da ke kai mutum ga tunanin halaka kansa. Waɗannan galibi suna fara bayyana ne daga ƙarshen shekarun samartaka zuwa shekara ashirin da wani abu. Wato daidai shekarunmu.

To me bincike ya nuna? A 2018 an buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Amurka kan manhajar FOCUS, wadda aka ƙera musamman don masu irin wannan larura. Kashi 90 cikin ɗari na waɗanda aka ba manhajar sun fara amfani da ita, alhali kashi 58 ne kawai suka je zaman rukuni a asibiti, kuma sauƙin da ɓangarorin biyu suka samu ya yi kusan daidai. Labari mai daɗi, ko? Amma ku lura, mutanen nan suna ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya, kuma akwai mai kiransu a waya yana bibiyarsu. Haka Rejoyn, wadda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2024, an amince da ita ne a matsayin ƙari ga wanda yake shan magani, likita kuma shi zai rubuta ta.

Sai wanda ya sauke manhaja shi kaɗai a ɗakinsa. Wani bincike na 2019 ya gano cewa bayan wata ɗaya, kusan mutum 3 cikin 100 ne kawai ke ci gaba da buɗe irin waɗannan manhajoji. Mai lafiya ma ya gaji ya watsar, ina ga wanda tashi daga katifa ya gagare shi?

Babbar matsalar ma ita ce, mai wannan cuta sau da yawa bai yarda ba shi da lafiya ba. Wanda ya tabbata a ransa cewa ana bibiyarsa ta waya, ta yaya zai gaya wa wayar sirrinsa? Manhaja ba ta ganin cewa ya daina wanka, ya daina zuwa lakca, ya daina cin abinci. Abokin ɗakinsa ne ke gani. Manhaja ba ta auna jinin mai shan litiyam, ba ta sauya magani idan ya sa jiki ya sandare. Kuma Turanci take ji. Ka ce mata "an yi min asiri" ko "iskokai ne", ba ta san inda ka dosa ba.

Ga kuma batun sirri. A 2023 hukumar kasuwanci ta Amurka ta sa BetterHelp biyan dala miliyan 7.8 kan miƙa bayanan masu amfani da ita ga kamfanoni irin su Facebook don talla. Woebot kuwa, da aka yi ta yabo, an rufe ta a 2025. Wanda ya dogara da ita fa?

Na san me za a ce: likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, ga mutane sama da miliyan 200, to da babu gara ba daɗi. Gaskiya ne. Amma mu da ke Kudu asibitocin ba su yi mana nisa ba. Akwai Yaba a Legas, Aro a Abeokuta, Uselu a Benin, akwai na Enugu da na Kalaba, ga asibitocin koyarwa. In an koma gida hutu akwai Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Dawanau a Kano da na Maiduguri. Abin da ke hana mu zuwa kunya ce, kar a ji a gida a ce ɗan wane ya haukace a boko.

A Aron nan ne Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a 1954, inda marar lafiya ke zama a gidajen ƙauye tare da wani danginsa, yana zuwa karɓar magani. Ya gane cewa magani da mutane tare suke aiki. Mu nan da iyaye suka yi nisa, mu ne dangin juna.

Don haka in ka ga ɗan uwa ya canza, kar ka tura masa manhaja ka juya baya. Zauna da shi. Ka raka shi kilinik ɗin makaranta a tura shi wajen likitan ƙwaƙwalwa. Ka sanar da wani babba a gidansu. A yi addu'a, a yi ruƙiya, amma kar a ce ya ajiye maganinsa. In ya ambaci kashe kansa, ko da wasa ne, kar a bar shi shi kaɗai a daren. Bayan likita ya gan shi, sai wayar ta yi aikinta: ta tuna masa lokacin magani, ta lissafa barcinsa, ta haɗa shi da likita.

Shugabannin ƙungiyoyin ɗaliban jihohinmu, don Allah ku sa wannan magana cikin taronku na gaba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa mu gama karatu lafiya. Ku tura wa wasu.