Kanawa, Mu Ƙirga Tafiyarmu

'Yan'uwana maza da mata, mazauna birni da waje, ina da tambaya. Jiya ina da ina kuka je? Hawa nawa kuka yi? Nawa kuka kashe? Minti nawa kuka yi a bakin titi, rana na dukan ku, kuna ɗaga hannu ana wucewa? Kowa ya san amsarsa. Malam ya san tasa. Hajiya ta san tata. Yaron da ke tafiya Islamiyya ya san tasa. Amma amsar a cikin cikinmu take kwana. Ba mu rubuta ta ba, ba mu haɗa ta wuri guda ba, ba mu kai ta gaban masu yanke hukunci ba.

To, lokaci ya yi. Mu rubuta. Mu haɗa. Mu kai.

Ku zo mu tsaya a Kurna da ƙarfe bakwai da rabi na safe. Titin Katsina ya cika maƙil. Tirela ta taho daga Dawanau, Adaidaita Sahu sun yi mata zobe kamar ƙudan zuma, mai kurar ruwa na turawa a gefe, hon ta ko'ina. Ga wata baiwar Allah a bakin kwalta, goyo a baya, ta riƙe hannun yarinya mai farin hijabin makaranta. So take ta tsallaka. Ta sa ƙafa ta janye. Ta sake sawa ta janye. Yarinyar ta ƙanƙame mata zani. Na tsaya ina kallonsu har sai da wani dattijo ya shiga tsakiyar titi ya ɗaga sandarsa, sannan suka wuce da gudu. Wannan tsallakawar tafiya ce. Tsoron nan da ta ji, shi ma lissafi ne. In an zo ƙirga motocin da ke bin titin nan, za a ƙirga tirela, za a ƙirga Adaidaita. Ita fa, wa zai ƙirga ta in ba mu ba?

Akwai ilimi guda da ya keɓanta da wannan. Masu binciken sufuri ba wani abin mamaki suke tambaya ba. Daga ina ka taso? Ina za ka? Da me ka tafi? Don me? Da wane lokaci? Nawa ka biya? Gida-gida suke bi suna tambaya, su tsaya a mararraba suna ƙirge, su hau mota da agogo a hannu. Daga amsoshin nan ake gane inda ya kamata bas ta bi, inda za a kafa danja, inda za a yi wa mai ƙafa hanya. Garin da ya san tafiyar mutanensa yana kashe kuɗinsa a inda ciwon yake. Garin da bai sani ba, sai ya yi ta shafa magani a inda ba ya ƙaiƙayi.

Mu tuna abin da ya same mu. A Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Alhaji Ado Bayero, an hana acaɓa a Kano. Dare ɗaya tafiyar gari ta canza. Keken nan mai ƙafa uku, wanda aka fara kawowa zamanin Malam Ibrahim Shekarau don ɗaukar mata a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, shi ya ɗauki garin gaba ɗaya a kansa, har sunan shirin ya zama nasa. A Janairun 2022 'yan Adaidaita suka shiga yajin aiki kan kuɗin da ake karɓa a hannunsu. Kun tuna? Tituna suka cika da masu ƙafa, ɗalibai, ma'aikata, masu ciki, tsofaffi, kowa na sharɓar gumi. A ƙarshen shekarar aka sanar da hana su bin wasu manyan hanyoyi, ba a je ko'ina ba aka janye. Sai ranar 29 ga Mayu, 2023, aka ce tallafin man fetur ya tafi. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haye 500, daga baya ta haye 1,000. Kuɗin mota ya bi ta. Wasu suka rage zumunci. Wasu suka sauya wa yara makaranta. Wasu suka koma sayyada, daga Sheka har Kwari.

Duk waɗannan hukunce-hukunce a jikinmu suka sauka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma in mai ɗaki bai nuna wurin ba, mai gyara zai hau ya liƙe inda ya ga dama.

An yi mana gadoji, mun gani, mun gode. Ƙofar Nasarawa, Dangi, Hotoro, Kabuga, Sabon Gari. Sun sauƙaƙa wa mai mota a wurare da dama. Sai dai ku ji abin da bincike ya gano a ƙasar da ta yi fice wajen faɗaɗa hanya. A shekarar 2011 wasu masana tattalin arziki biyu, Gilles Duranton da Matthew Turner, suka fitar da sakamakon nazarin biranen Amurka. Suka tarar duk lokacin da aka ƙara hanya, tuƙi na ƙaruwa kusan daidai da ƙarin. A birnin Houston an faɗaɗa babbar hanyar Katy, aka gama a 2008, ta haura layi 20 a wasu wurare. 'Yan shekaru kaɗan cunkoso ya dawo. Dalilin a fili yake: hanya ta buɗe, wanda da ba ya fita da mota ya fito da ita, wanda ke bin wata hanya ya dawo wannan. Ƙaton buhu, ƙaton kaya. Don haka gada kaɗai ba za ta fitar da mu ba. Kuma ku tambayi kanku, a unguwarku gida nawa ne ke da mota? Sauran fa, me aka tanadar musu?

Wani zai ce, mu talakawa ina mu ina bincike? Ku saurara.

A Nairobi ta ƙasar Kenya, ƙananan bas ɗin da suke kira matatu su ne ƙafar gari, kamar yadda Adaidaita take a wurinmu. Shekara da shekaru babu cikakkiyar taswirarsu a hannun jama'a. Sai ɗaliban Jami'ar Nairobi, tare da masana daga jami'o'in MIT da Columbia na Amurka, suka ɗauki wayoyin hannu suka rinƙa hawa motocin nan ɗaya bayan ɗaya. Waya na nuna hanya, su kuma suna rubuta inda ake tsayawa. A 2014 taswira ta fito, da layuka fiye da 100. Ranar nan mutanen gari suka ga tsarin da suka daɗe suna bi da ƙafa da aljihu, a shimfiɗe kan takarda guda. A 2015 aka yi irin wannan a Akara da motocin tirotiro, waɗanda 'yan'uwanmu na Nima da Sabon Zango ke hawa kullum. Ba jirgin sama aka yi haya ba. Waya ce, da kuɗin mota, da naci.

Waya muna da ita. Naci kuwa, a tambayi Bakano.

Ɗaliban Jami'ar Bayero, ina kuke? Na jami'ar Wudil, na Kwalejin Sa'adatu Rimi, na Foli, ina kuke? Kowace shekara ana neman abin da za a rubuta a kundin kammala karatu. Ga shi nan a bakin ƙofar makarantarku. Ku hau daga Kabuga zuwa Bata. Ku hau daga Yankaba zuwa Ƙofar Wambai. Ku hau daga Unguwa Uku zuwa Sabon Gari. Ku rubuta inda ake lodi, inda ake sauka, nawa ake biya da safe, nawa ake biya bayan magariba, nawa ake biya ranar da aka yi ruwa. Malamai, ku raba musu hanyoyin, kada goma su taru a kan guda. Ku adana sakamakon wuri ɗaya, na bana ya hau kan na bara. Ga Cibiyar Fasahar Sufuri ta Najeriya nan a Zariya, tafiyar sa'o'i kaɗan, tun 1986 wannan ne aikinta. Ku ƙwanƙwasa mata ƙofa.

Sauranmu kuma, littafin rubutu na 'yan firamare ya ishe mu. Kwana bakwai kacal. Duk fitar da ka yi, ka rubuta: ƙarfe nawa ka bar gida, ƙarfe nawa ka isa, me ka hau, nawa ka biya. Har tafiyar ƙafa. Musamman ma tafiyar ƙafa, don ita ce aka fi mantawa. Zuwa masallaci tafiya ce. Zuwa niƙa tafiya ce. Ɗebo ruwa tafiya ce. Na gwada a gidana, kuma abin da ya girgiza ni ba shafina ba ne, shafin uwargida ne. Ni fita ɗaya nake yi, in je aiki in dawo. Ita kuwa a yini guda ta kai yaro awo, ta biya kasuwa, ta leƙa barka, ta ɗauko 'yan makaranta. Gajeru-gajeru, hawa-hawa, kowanne da kuɗinsa, yawanci da goyo ko kaya. Shekaru muna gida ɗaya ban taɓa lissafawa ba. Masu bincike a ƙasashe da yawa sun ga irin wannan a tafiyar mata, kuma sun ga tsarin da aka gina don mai zuwa ofis ya dawo ba ya yi musu adalci.

Don haka iyayenmu mata, 'yan'uwanmu mata, ku rubuta. Wadda ba ta boko ta rubuta da ajami. Wadda ba ta rubutu ta faɗa wa ɗanta ya rubuta. In mai tambaya ya yi sallama da takardar shaida a hannunsa, maigida, kada ka amsa a madadin kowa. Ka ba da izini a ji ta bakin matan gida. A ji ta bakin makaho da ɗan jagoransa. A ji ta bakin gurgu mai keken hannu, wanda kwata ɗaya marar murfi ke mayar da shi gida.

'Yan Adaidaita, ku ne malaman wannan fanni. Babu farfesan da ya san garin nan kamar ku. Kun san inda fasinja ke taruwa da asuba. Kun san ramin da ke karya ƙafar keke. Kun san man da kuke ƙonawa a go-sulo kafin ku haɗa balas ɗin mai keke. Ku rubuta. Shugabannin ƙungiya, ku tattara. Ranar da aka kira ku teburin shawara kan haraji ko kan sabuwar bas, ku shiga da lissafi a hannu. Legas ta fara bas mai layinta na kanta a Maris ɗin 2008, daga Mile 12 zuwa CMS, kuma da ƙungiyar direbobi aka fara tafiyar da ita. Darussalam ta Tanzaniya ta fara tata a 2016. Irin wannan sauyi zai iso mu ko ba daɗe ko ba jima. Gara ya same ku a zaune a teburin da ya same ku a waje.

Akwai kuma ƙirgen da ya fi kowanne nauyi. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce hatsarin hanya na kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara. Shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Fiye da rabin mamatan masu ƙafa ne da masu keke da masu babur. Kuma a nahiyarmu ta Afirka abin ya fi muni. Ajali na Allah ne, babu musu. Amma an umarce mu da riƙo da sababi. A kowace unguwa akwai kwanar da kowa ya san tana cin mutane. Mai shayin wurin ya sani. Mai faci ya sani. Ku buɗe mata littafi. Rana, lokaci, abin da ya faru. Ba suna, ba hoton gawa. In wata uku ta cika, ku ɗauki littafin ku kai wa mai unguwa, ku kai wa kansila, ku kai ofishin hukumar kula da zirga-zirga ta KAROTA, ku kai wa jami'an kiyaye haɗurra. Ku ce ga wuri, ga adadi, ga abin da muke nema: tudun rage gudu, ko danja, ko fitila, ko gadar masu ƙafa. Kuka ana iya share shi. Littafi mai kwanan wata yana da wuyar turewa.

Kafin a amsa mana, mu ma mu gyara namu. Mai mota, sassauta a gaban makaranta. Mai shago, janye tebur daga hanyar masu ƙafa. Mai biki, kada ka toshe titi da rumfa. Mai Adaidaita, daina tsayawa a tsakiyar shataletale. Mai babur, daina bin hannun da ba naka ba.

Limamai, ku faɗa a kan mumbari. Masu gabatar da shiri a rediyo, ku buɗe layi mutane su karanto littattafansu. Ƙungiyoyin unguwa, ku sa rana. 'Yan majalisa an zaɓe su ne don su ji, ku je ku same su lokacin da ake sauraron jama'a kan kasafin kuɗi. Ku tambaya, a cikin kuɗin hanya nawa aka ware wa mai ƙafa? Nawa aka ware wa bas? Da wane ƙirge aka zaɓi wannan aikin aka bar wancan? Ku tambaya da ladabi. Ku sake tambaya. Ku koma ku tambaya.

Dorayi, ku fara. Rijiyar Lemo, ku fara. Hotoro, Gwammaja, Fagge, Sharaɗa, Mariri, ku fara. Yau da daddare a nemo littafi da biro. A ja layi huɗu: lokaci, wuri, abin hawa, kuɗi. A ba uwargida nata, a ba yara nasu. Gobe in Allah ya kai mu, kafin ka sa ƙafa a waje, dubi agogo ka rubuta layin farko.