Saniyar Warhol Da Shanun Gobir

Wai shin furodusoshinmu sun ɗauka saniya labulen ɗaki ce? Duk fim ɗin da aka ce na ƙauye ne, ka san abin da za ka gani: a sa wa jaruma kayan saƙi, a ɗora mata ƙwarya, a aro garken wani bawan Allah a jera a bayanta, a sako kiɗa. Waƙa na ƙarewa shanu sun gama aiki, sai a koma falo.

Ka yi magana, darakta ya ce ai ado ne, Turawa ma suna yi. To, mu je ga Turawan.

A 1966 wani mai zane a Amurka, Andy Warhol, ya samo hoton kan saniya, ya rina shi ruwan hoda a kan rawaya, ya yi ta maimaita shi har ya rufe bangon ɗakin baje kolin Leo Castelli a New York. Dabarar kuwa ita ce wadda ake buga rigunan 'yan siyasa da ita: raga, fenti, a shafa, a ɗaga, sai na gaba. Mutumin nan tsohon mai zanen talla ne, shi ne ya jera hotunan gwangwanin miyar Campbell's har 32 a 1962. Ya san abin da yake nunawa: a kasuwar zamani, da saniya da gwangwani duk haja ne. A 1983 ya buga dabbobi 10 da ke gab da ƙarewa, har da giwa da karkanda, ya yi musu kwalliya kamar taurarin fim, don mai kallo ya tsargu.

Mu ma ba baƙin abin ba ne. Giwa a kwalin omo, kan damisa a jikin batir, saniya a ledar madarar Cowbell tun 1993. Leƙa teburin mai shayi a Isa ko Sabon Birni, tana nan a rataye, jere-jere, tas da ita.

Ina ta gasken? Nan fa ake yinta! Shekara da shekaru 'yan bindiga ke kore shanu a wannan yanki na Gobir, na Bafulatani da na Bagobiri, ba su ware kowa ba. A 2021 sai da gwamnatin Sakkwato ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, har da waɗannan biyu. Wanda aka kwashe wa shanun huɗa, jarinsa ne ya tafi, da nomansa, da kayan ɗakin 'yarsa. Hoton saniya na yawaita, saniya na ƙarewa.

Warhol dai bai ci gado da Gobir ba, kuma duk da haka sai da ya sa aka kalli dabbar. Mu da muka sha nononta, mun mayar da ita abin jingina kyamara. Haba jama'a! Labari ne muka rasa? Ga magidanci ya fito da asuba ya tarar da turke ba komai sai igiya. Dubi fuskarsa, dubi matarsa da ta fito da ƙwaryar tatsa a hannu. Amma darakta zai tambaye ka: to, a ina za a sa waƙar?