Fargabar Iyaye Ciwo Ce Mai Magani

Tun bayan sace ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau a Sabon Gida, ƙaramar hukumar Bungudu, a Satumbar 2023, da hare-haren hanyar Tsafe, iyaye da dama na kwana da ido ɗaya. Wannan zullumi yana sauka a jiki: bugun zuciya da sauri, ƙuncin ƙirji, sarƙewar numfashi, gumi, jiri da makyarkyata. Tsoro ne ke sa jiki ya saki sinadarin adirenalin, kuma irin wannan farmakin fargaba yakan kai ƙololuwa cikin mintuna kaɗan, sannan ya lafa.

Wasu za su ce iskoki ne, ko raunin tawakkali. Ai addu'a ba ta hana neman magani, domin addini da kansa ya yi umarni da shi. Wasu kuma za su ce ciwon zuciya ne ko hawan jini. Mai yiwuwa ne, shi ya sa ya wajaba a fara da gwaji a Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Yariman Bakura da ke Gusau. Idan zuciya lafiya take, a nemi likitan ƙwaƙwalwa ba tare da jin kunya ba. Ya kamata kuma Gwamnatin Zamfara ta horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su riƙa gane wannan lalura.