An ba aikin biza, an hana mai aikin

A shekarar 2004 gidan kayan fasaha na Frost, da ke wata jami'a a birnin Miami, ya buɗe baje kolin sassaƙe-sassaƙen ƙasar Haiti. Cikin ayyukan da aka jera har da na André Eugène, masassaƙi daga tsakiyar Port-au-Prince, babban birnin ƙasar. An naɗe ayyukan nasa, an rufe su a akwatuna, sun ƙetare teku, jami'an kwastan sun buga musu hatimi suka wuce. Shi kuwa da ya nemi izinin shiga Amurka domin ya halarci bikin buɗewa, sai aka hana shi. Tsohon ƙarfe da katako da ƙusoshi sun cancanci shiga; hannun da ya haɗa su bai cancanta ba.

Masu harkar fasaha a Turai da Amurka sukan ɗauki irin wannan a matsayin tsautsayi, laifin wani ma'aikaci a bayan gilashin ofishin jakadanci, abin da bai shafe su ba. Wannan uzuri ne mara tushe. Hana masassaƙi tafiya wani ɓangare ne na yadda kasuwar take aiki, kuma kasuwar tana cin moriyarsa.

Unguwar da Eugène ya fito tana gefen titin da ake kira Grand Rue, wanda sunansa na hukuma shi ne titin Jean-Jacques Dessalines, jagoran da ya ayyana 'yancin Haiti a 1804. Wanda ya san kasuwar Panteka a Kaduna zai gane irin wurin: garejin makanikai, masu walda, masu sayar da tsofaffin kayan mota, da lunguna masu ƙunci a bayan titi. A cikin lungunan nan akwai masassaƙan katako da suka daɗe suna yi wa 'yan yawon buɗe ido akusa da ƙananan mutum-mutumi. Da rikicin siyasa ya kori baƙi, sai sana'ar ta durƙushe. Wajen ƙarshen shekarun 1990 Eugène da abokin aikinsa Celeur Jean Hérard suka juya ga abin da ke zube a ƙofar gidajensu: tayoyi, salansa, sassan injin mota, matattun talbijin, takalman da aka yar, kai har da ƙoƙon kan mutum na gaske. Suka riƙa haɗa su da sassaƙar katako suna fitar da manyan siffofi masu ban tsoro da ban dariya a lokaci guda. Ƙungiyar da ta taru a kewayensu ta ɗauki sunan Atis Rezistans, wato masu fasahar turjiya, yaran unguwa kuma suka samu nasu reshen, Ti Moun Rezistans.

Mai karatu na iya jin ƙyamar wannan aiki, kuma yana da hujja. Siffofin sun ginu a kan addinin Vodou, wanda bayi suka kawo tushensa daga Dahomey da ƙasar Yarbawa da Kwango, musamman a kan iskokin da ake kira Gede, masu kula da mutuwa da haihuwa, waɗanda aka san su da barkwanci mai tsananin batsa. Ba lallai ne mutum ya so aiki ba kafin ya gane an cuci mai shi. Abin da ake magana a kai shi ne wa ke tsayawa kusa da aikin ranar da aka buɗe zaure, wa ke fassara shi, wa ke karɓar katin mai saye.

Domin a nan ne maganar take. Kasuwar fasahar zamani ba kamar kasuwar hatsi ba ce, inda mudu ke yanke hukunci. Darajar aiki tana ƙaruwa ne a liyafar buɗewa, a hirar da ɗan jarida ya yi da mai aikin, a gaisuwar da aka yi da daraktan wani gidan fasaha wanda zai tuna da fuskarsa bayan shekara biyu. Mai fasahar da ba ya iya tafiya ba ya cikin ko ɗaya daga waɗannan. Dole wani ya yi magana a madadinsa, kuma wanda ya yi magana shi ne yake tara sani da suna da abokan hulɗa. Haka ake samun ƙwararru a kan fasahar Haiti masu kujeru a jami'o'i, alhali mutanen da suka ƙware a kansu suna nan a lungun da aka same su. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wannan tsari ya girmi Atis Rezistans. A 1944 wani Ba'amurke mai zane, DeWitt Peters, wanda ya zo Haiti koyar da Turanci, ya jagoranci kafa Centre d'Art a Port-au-Prince tare da wasu 'yan bokon ƙasar. Cibiyar ta yi abin kirki, ba a musu: ta ba masu zane fenti da wurin aiki da masu saye. Ta nan duniya ta san Hector Hyppolite, malamin Vodou da aka ce yakan yi zane da gashin kaza, da Philomé Obin na Cap-Haïtien. A 1945 André Breton, marubucin Faransa, ya ziyarci ƙasar, ya ga zanen Hyppolite, ya saya, ya koma Paris yana yabo. Amma yabon ya zo da tambari. Aka laƙaba wa fasahar ƙasar baki ɗaya kalmar Faransanci naïf, wadda ke nufin mai ƙuruciyar tunani, wanda bai yi karatu ba, wanda hannunsa ke aiki ba tare da kansa ya sani ba. Masu saye daga New York suka nuna abin da suke so: kasuwar ƙauye mai launuka, mata ɗauke da kwanduna, tsafi, daji. Ɗan Haiti da ya karanci fasahar zamani, yake so ya yi gogayya da takwarorinsa na Paris, sai aka ce ya gurɓace, ya bar asalinsa. Abin ya kai ga a 1950 wasu masu zane, cikinsu har da Lucien Price da Max Pinchinat, suka ɓalle suka kafa Foyer des Arts Plastiques don nuna ƙin amincewa da wannan fifiko. Shekara saba'in da wani abu ke nan da 'yan Haiti da kansu suka faɗi wannan magana, kuma har yau littattafan baje koli suna rubuta ta kamar sabon bincike.

Tambarin ya canza, aikin da yake yi bai canza ba. Jiya ana son ɗan Haiti marar wayo mai zanen aljanna, yau ana son ɗan Haiti na cikin bola mai sassaƙar jahannama. A duka biyun, sharaɗin shi ne ya zauna inda yake, domin zamansa a can shi ne rabin abin da ake sayarwa.

Martanin da mutanen Grand Rue suka mayar shi ne abu mafi hikima a cikin labarin. Tun da an hana su zuwa manyan bukukuwan fasaha na duniya, irin na Venice da ake yi duk bayan shekara biyu, sai suka ce bari duniya ta zo musu. A ƙarshen 2009 Eugène da abokan aikinsa, tare da Leah Gordon, 'yar Birtaniya mai ɗaukar hoto da ta daɗe tana aiki a Haiti, suka shirya Ghetto Biennale. Aka gayyaci masu fasaha daga ƙasashen waje su zo su yi aiki a cikin lungunan, da kayan da ke wurin, a gaban mutanen unguwa. Tambayar da suka ɗora a kan gayyatar ita ce me zai faru idan fasahar ƙasashe masu arziki ta gogi fasahar ƙasashe matalauta, ko jini zai fita. Makonni kaɗan bayan kammala na farko, ranar 12 ga Janairun 2010, girgizar ƙasa ta rugurguza birnin. Ginin Centre d'Art ya rushe, haka ma majami'ar Holy Trinity da zane-zanen bangonta da Obin da Castera Bazile da Rigaud Benoit da wasu suka yi a farkon shekarun 1950. Duk da haka, a 2011 aka sake yin bikin.

Nan da nan masu suka suka taso, suka kira abin yawon kallon talauci. Sun ce Turawa ne masu kyamara ke zuwa su yi mako biyu ko uku cikin ƙazanta, su koma gida da hotuna da labarin jarumta da sabon layi a takardar tarihin aikinsu, su bar unguwa yadda suka same ta. Akwai gaskiya a ciki, kuma masu shirya bikin ba su ɓoye ta ba. A karo na uku, a 2013, sun hana baƙin masu fasaha amfani da kyamara, saboda mutanen unguwa sun gaji da zama abin ɗauka. Ba wanda zai ce baƙon da ya sauka da dala a aljihu da tikitin komawa daidai yake da yaron da ke kwana a ɗakin langa-langa.

Sai dai sukar ta ɗauki sanda ta bugi wanda ya fi kusa, ta bar wanda ya fi laifi. Rashin daidaiton da ake gani a Grand Rue ba bikin ne ya ƙirƙire shi ba. Yana nan a kowane zaure mai sanyin na'ura a London da Miami inda aka jera aikin ɗan Haiti babu ɗan Haiti, sai dai a can an share shi, an fente shi fari, ba ya wari. Abin da ke damun masu sukar shi ne a Grand Rue ana ganin abin da ido. Wanda ya ce kada baƙi su je lungu, amma bai taɓa buɗe baki a kan hana 'yan lungun fita ba, abin da yake nema shi ne a raba ɓangarorin biyu har abada, ya samu kwanciyar hankali. Kuma akwai raini a ɓoye cikin wannan tausayi: zaton cewa manyan mutane da suka ƙirƙiri salo nasu, suka mai da farfajiyar gidansu gidan baje koli, ba su san abin da suke yi ba sa'ad da suka aika gayyata. Tambarin naïf ne ya dawo ta ƙofar baya.

Hujja mafi ƙarfi ita ce abin da ya faru duk lokacin da ƙofa ta ɗan buɗe. A 2007, shekara ɗari biyu da Birtaniya ta haramta cinikin bayi, masu fasahar Grand Rue tare da Mario Benjamin suka haɗa babban aikin da ke gidan tarihin bauta na Liverpool. A 2011 ayyukansu suka shiga baje kolin Haiti a Venice. A 2022 kuma ƙungiyar ruangrupa ta Indonesiya, wadda ta jagoranci documenta, gagarumin baje kolin da ake yi duk shekara biyar a birnin Kassel na Jamus, ta gayyace su. Suka cika wata tsohuwar majami'ar Katolika, St. Kunigundis, da siffofinsu na ƙarfe da ƙashi, kuma ƙungiyar masu sharhin fasaha ta Jamus ta zaɓi wannan a matsayin baje kolin da ya fi kowanne a shekarar. Ba sadaka aka yi musu ba. An ajiye aikinsu kusa da na kowa, ya yi fice.

Akwai wani lissafi da ya kamata a ajiye gefe da wannan. A 2017 aka yi gwanjon wani zanen Jean-Michel Basquiat a New York a kan dala miliyan 110.5. Zanen kan mutum ne mai kama da ƙoƙon kai, mahaifin Basquiat kuwa ɗan Port-au-Prince ne. Babu mai musun baiwar Basquiat. Amma an haife shi a Brooklyn, kuma tsakaninsa da dillalai da 'yan jarida da attajiran Manhattan babu komai sai tafiyar jirgin ƙasa. Baiwa ita ce ta sa aka kalle shi, takardar haihuwa ita ce ta kai shi inda za a kalle shi.

Yau ƙofar ta fi kowane lokaci rufuwa. Tun bayan kisan Shugaba Jovenel Moïse a Yulin 2021 gungun 'yan bindiga suke ta mamaye Port-au-Prince, kuma daga ƙarshen Fabrairun 2024 tsakiyar birnin, inda Grand Rue take, ta zama fagen fama. An fasa babban kurkuku, an kai farmaki makarantar koyon fasaha ta ƙasa da ɗakin karatu na ƙasa. Baƙi ba sa iya shiga. A Yunin 2025 kuma gwamnatin Amurka ta sa Haiti cikin ƙasashe goma sha biyu da ta hana 'yan ƙasarsu shiga, jerin da ya haɗa da Chadi da Sudan. Abin da ya samu Eugène shi kaɗai a 2004 ya zama doka a kan al'umma guda. Ayyukan da suka riga suka fita kuwa suna nan lafiya a ɗakunan ajiya masu inshora, kuma kowane labarin tashin hankali yana ƙara musu farin jini.

Gidajen fasaha ba su ke buga biza ba, gaskiya ne. Amma suna da abin da za su iya yi wanda ba ya bukatar izinin kowace gwamnati. Za su iya rubuta a bangon zaure, da harafi daidai girman na sunan masu ɗaukar nauyi, cewa an hana mai wannan aiki zuwa. Za su iya biyansa ladan baje kolin kamar yadda suke biyan takwaransa na Berlin, maimakon su ɗauka sanya sunansa a littafi ya isa lada. Za su iya kai bikin buɗewar ƙasar da za ta bar shi ya shiga, ko su ɗage shi har sai ya samu takarda. Daraktan da ke kashe makonni yana cike fom ɗin inshora da na kwastan domin akwati ya iso lafiya ya san hanyar ofisoshin gwamnati sarai, kuma ya san lambar wayar ɗan majalisar yankinsa.