Bandar Arewa Na Da Masu Saye A Waje, Tsafta Da Takardar Shaida Suka Rage

Tun da layin dogo ya iso Kano a 1911, tashar jirgin ƙasa ta zama ƙofar da arzikin Arewa ke bi zuwa teku. Ta nan gyaɗa da fatu da ƙiraga suka kai Legas, daga can suka wuce Turai, kuma reshen da aka ja zuwa Nguru a 1930 ya haɗa birnin da fadamun Haɗeja masu albarkar kifi. A yau taku kaɗan ne daga tashar zuwa kasuwar kifi ta Galadima, inda kwalayen banda ke jibge, tarwaɗa da ƙarfasa da bargi, daga Tafkin Chadi da Nguru da madatsun Tiga da Challawa. Ra'ayinmu shi ne wannan kifi zai iya samar wa ƙasa kuɗin waje, kuma abin da ya tare masa hanya gyararre ne.

Masu saye dai suna nan. Miliyoyin 'yan Afirka ta Yamma mazauna Ingila da Amurka da ƙasashen Larabawa ba sa raba miyarsu da banda, kuma Najeriya ce kan gaba a duniya wajen kiwon tarwaɗar Afirka. Amma a 2018 Amurka ta rufe wa tarwaɗarmu ƙofa, saboda hukumominmu sun kasa gamsar da ita a rubuce cewa tsarin duba lafiyar kifi a nan ya yi daidai da nata. Kafin nan, a 2015, Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da wakenmu saboda yawan maganin ƙwari. Darasin ɗaya ne. Bandar da aka ƙyafe a buɗaɗɗen murhu har hayaƙi ya yi mata baƙi, aka shanya a ƙasa, sannan wani ya yayyafa mata fiya-fiya don ƙwari su bar ta, ba za ta tsallake binciken kowace ƙasa ba. Jatan landen da jiragen kamun kifi ke fitarwa daga Legas yana shiga kasuwannin Turai ne domin an bi ƙa'ida tun daga ruwa har kwali, kuma akwai takardar da ke shaida hakan.

Wasu za su ce ƙasar da ke buƙatar kifi sama da tan miliyan 3 a shekara, alhali abin da take samarwa bai kai rabin haka ba, ba ta da hurumin maganar fitarwa. Gaskiya ne muna kashe maƙudan kuɗi wajen shigo da kifin ƙanƙara da busasshen kifin Norway. Sai dai kaso mai yawa na abin da masunta ke kamawa yana lalacewa tun bai kai kasuwa ba, saboda zafi da ƙwari da doguwar tafiya. Murhun zamani da ɗakin sanyi da za a kafa domin mai saye na waje su ne za su ceto wannan asara, kuma su raba talakan gida da cin guba a miyarsa. Farashi mai kyau kuma shi ke sa mai kiwo ya ƙara tafki, ya ɗauki ma'aikata. Wasu kuma za su ce jirgin ƙasa ba abin dogaro ba ne yanzu, ga rashin tsaro da ya durƙusar da kasuwar kifi ta Baga tun harin da aka kai garin a 2015. Wannan ma ba ƙarya ba ne. Amma banda kaya ce mai jure tafiya idan an busar da ita da kyau, ga tashar tsandauri ta Dala da aka buɗe a 2023 domin a kammala takardun kwastan a nan Kano, ga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, ga kuma layin Kano zuwa Maraɗi da ake shimfiɗawa.

Saboda haka muna kira ga gwamnatin Kano da ta kafa cibiyar ƙyafe kifi da ɗaure shi a kusa da tashar, tare da ɗakin gwaji da NAFDAC za ta amince da shi, ta kuma sa ƙungiyoyin 'yan kifi cikin tafiyar da ita. Sashen kula da kamun kifi na tarayya ya kammala duk takardun da manyan kasuwanni ke nema, ya kuma riƙa bayyana wa jama'a inda aka kwana. Shugabannin kasuwa su haramta zuba maganin ƙwari a kifi, su hukunta duk wanda aka kama, domin kwali ɗaya mai guba ya isa ya sa a rufe wa dukan 'yan kasuwa ƙofa na shekaru.