Kafin a Ce "Aji Ya Amince"

'Yan'uwa, da yawa daga cikinmu muna karatu a manyan makarantun da ke gefen ganuwar Kano, inda aji kan cika har wasu su tsaya a bakin taga. Mun san yadda ake yanke shawara a irin wannan aji. Malami zai rama laccar da ta wuce, ya ce ɗalibai su zaɓi rana. Shugaban aji ya ce a ɗaga hannu, na gaba su ɗaga, na baya ko tambayar ba su ji ba, sai a ce aji ya amince. Sau da yawa ranar takan faɗo safiyar Lahadi, lokacin sujada. Mu kuma mu yi shiru, mu koma gida muna gunaguni.

A ganinmu wannan ƙirga ce kawai, shawara kuwa ba a yi ba. Gaskiya ne sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma yawan da bai saurari kowa ba yakan bar ƙulli a zuciya.

Birnin nan ya daɗe da sanin haka. Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya kafa majalisar da ake kira Tara ta Kano domin kada magana ta tsaya a bakin mutum ɗaya. Har yau a cikin birni kuka kan fara ne daga wurin mai unguwa kafin ya kai fada. A Fitowa sura 18 ma, Yetro ya shawarci Musa ya naɗa shugabanni a kan dubu, ɗari, hamsin da goma. Taro mai yawa sai an rarraba shi ake jin muryar kowa.

To, mu kai wa ajinmu wannan dabara. A raba ɗalibai goma-goma, kowane rukuni ya fitar da wakili. Kafin a ɗaga hannu, a fara tambaya: wa wannan rana za ta cutar? Sai a cire lokacin Juma'a da safiyar Lahadi tun farko, a zaɓa cikin abin da ya rage. Wani zai ce ɓata lokaci ne. E, yana cin lokaci, amma bai kai rigimar mako guda a WhatsApp ba.

Sai dai mu ma mu duba kanmu. Idan muna son a tuna da Lahadinmu, mu riga kowa tashi idan an sa gwaji lokacin da abokan karatunmu Musulmi za su masallaci, ko da yamma gab da buɗa baki. A Ayyukan Manzanni sura 6, da masu jin Helenanci suka yi kuka a kan gwaurayensu, manzanni sun tara jama'a, aka zaɓi mutum 7, dukansu da sunayen Helenanci. Ikilisiya ta ba masu kukan amana.

A zumuntarmu ta matasa fa, inda mu ne masu rinjaye, wa muke tsallakewa? Sabon zuwa, ko 'yar'uwar da ba ta jin Turanci sosai? A taron wannan mako, mu fara jin bakinsu kafin mu ƙirga hannu. Ubangiji ya ba mu kunnen saurare. Amin.